Tambaya da Amsa: Sifika Shida a Falo, Biyu Kaɗai Ke Magana

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka zo wa filin nan a wannan wata kusan duk kukansu ɗaya ne: an sayi sabon talabijin, ga amfilifaya da sifikoki a gida, amma sun ƙi jituwa. Na zaɓi huɗu. Zan daɗe a kan ta farko, domin amsarta za ta ɗauke rabin nauyin sauran.

Tambaya: Malam, ɗana da ke Jamus ya aiko mini da amfilifaya da sifikoki biyar da babbar wufa, wato sifikar da ke fitar da amo mai kauri. Kayan hannu ne amma lafiyarsu ƙalau. Na haɗa wayar HDMI daga sabon talabijin ɗina zuwa amfilifayar, ko ƙis ban ji ba. Wani yaro ya zo ya sa wata siririyar waya mai jar wuta a baki, sauti ya fito, amma sifikoki biyu na gaba kawai ke magana. Ya ce amfilifayar ta tsufa, in sayar in sayi sabuwa. Gaskiya ne? (Wani dattijo daga Sabon Zango, Akra)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, ya kuma yi wa ɗan nan naka albarka. Kada ka sayar. A cikin amfilifayoyin da ake kawo mini shago a Nima, cikin Akra, da sunan sun mutu, mafi yawansu da ransu. Hanyar da aka bi da sautin ce ba daidai ba.

Mu fara da wayar HDMI da ta yi shiru. Lokacin da aka fito da HDMI a ƙarshen 2002, an tsara ta ne ta ɗauki hoto da sauti zuwa gaba kawai: daga na'urar faifai ko dikoda zuwa amfilifaya, daga amfilifaya zuwa talabijin. Talabijin shi ne zangon ƙarshe, karɓa yake yi, ba ya mayarwa. Sai a 2009, da HDMI 1.4 ta zo, aka ƙara abin da ake kira ARC, wanda ya ba talabijin damar mayar da sautinsa baya zuwa amfilifaya ta wannan waya ɗin. Sharaɗinsa shi ne dukkan ɓangarorin biyu su san ARC. Ka sa a juya maka amfilifayar, a haska bayanta da tocila, a duba ramin da aka rubuta HDMI OUT. In babu ARC a rubuce kusa da shi, to an ƙera ta kafin wannan tsari, kuma ko wace irin waya ka saya ba za ta ji muryar talabijin ta nan ba. Wannan ba lalacewa ba ce.

Saboda haka yaron bai yi kuskure ba da ya sa siririyar wayar. Ita ce optika, kamfanin Toshiba ne ya fito da ita tun 1983, kuma jar wutar da ka gani ita ce ke ɗauke da sautin. Inda ya tsaya rabin hanya shi ne bai shiga saitin talabijin ba. Optika ƙofa ce matsattsiya. Abu biyu take iya wucewa da su: ko dai sauti buɗaɗɗe mai layi biyu, hagu da dama, wanda ake kira PCM, ko kuma sauti mai layi shida da aka ƙunshe aka matse, wato Dolby Digital ko DTS, wanda amfilifaya ce za ta kwance ƙunshin ta raba wa kowace sifika rabonta. Talabijin da yawa suna fitowa daga kwali a kan PCM. A haka, ko fim ɗin yana da layi shida, talabijin zai narkar da su su koma biyu kafin ya miƙa. Amfilifayarka biyu ta karɓa, biyu ta bayar.

Ga gyaran. A ɗauki rimot na talabijin, a shiga saitin sauti, a nemi wurin da ake zaɓar irin sautin da ke fita ta optika. A cire shi daga PCM a mayar Auto, ko Bitstream, ko Passthrough, ko Dolby Digital, duk wanda talabijin ɗinka ya rubuta. In kana da dikoda, ita ma tana da irin wannan saiti, a duba. Daga nan kada ka dogara da kunne tukuna, ka dubi fuskar amfilifayar. In ta rubuta Dolby Digital, ko ƙananan akwatuna shida suka kama wuta, to ƙunshin ya iso. In har yanzu PCM take nunawa, akwai inda aka manta. Ni da wannan ɗan gilashin nake fara bincike a kowane gida na shiga, tun ban taɓa ko waya ɗaya ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata in faɗa maka tun yanzu, don kada ranka ya ɓaci bayan an gama. Yawancin abin da muke kallo a gidajenmu layi biyu aka ɗauke shi tun asali: labarai, tafsirin watan azumi, wa'azin da ake sakawa a YouTube, finafinan Hausa da ake turo mana daga Kano. Babu saitin da zai ƙirƙiro layi shida na gaskiya daga abin da ba shi da su. Abin da amfilifaya za ta iya shi ne ta baza layi biyun a ɗaki. Ka nemi maɓallin da ke kawo Dolby Pro Logic II, kusan duk amfilifayoyin wancan zamani suna da shi. Yana tattara muryar mai magana ya kai ta sifikar tsakiya, ya bar amon wuri ga na baya. Ga dattijo mai son jin karatun malami tiryan-tiryan, wannan sifikar ta tsakiya ta fi sauran biyar amfani. A ajiye ta dab da ƙasan talabijin tana kallon kujerarka, a ɗan ƙara mata ƙarfi a saiti, za ka ji bambanci ba tare da ka ƙure murya ka dami maƙwabta a gidan haya ba.

Ƙaramin abu ɗaya kuma. A lokacin hunturun bara an kira ni wani gida a Mamobi, sautinsu yana zuwa yana yankewa. Maigidan har ya shirya kuɗin gyara. Da na zare wayar optika sai na ga ɗan murfin roba da ake rufe bakinta da shi daga kamfani yana nan maƙale, an cusa ta a haka da ƙarfi, ga ƙurar hunturu ta yi kauri a ramin. Na cire murfin, na hure ramin, na goge bakin da gefen rigata, na mayar har na ji ta ce ƙas. Fuskar amfilifayar ta kawo Dolby Digital nan take, yaran gidan suka juya baya suna neman inda ƙarar ruwan sama ta fito. Ka sa a duba taka, kuma kada a lanƙwasa ta da ƙarfi a bayan kabad, domin haske ne ke bi ta ciki.

Tambaya: Yaya, na haɗa PlayStation 5 ɗina ta cikin amfilifayar da na saya a gwanjo, daga nan zuwa talabijin 4K. Hoton ba ya kaiwa 4K, wani lokaci ma allon baƙi ƙirin yake yi. A kasuwa an ce in sayi waya mai bakin zinariya. Kuma ina son jin Dolby Atmos. (Wani matashi daga Aboabo, Kumasi)

Amsa: Ƙanina, riƙe kuɗinka. Ruwan zinariya a bakin waya yana hana tsatsa ne kawai, ba ya ƙara wa hoto ko sauti komai. Abin da ake dubawa a jikin waya shi ne ajinta. High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, Premium High Speed 18, Ultra High Speed 48. Wayar da ta zo a kwalin na'urarka ta ajin ƙarshen ce, ta wadatar.

Matsalarka amfilifayar ce da ka sa a tsakiya. Duk lokacin da aka kunna kayan HDMI, sai sun gaisa tukuna: talabijin ya faɗi abin da yake iya nunawa, amfilifaya ta faɗi nata, na'urar wasa ta aiko da abin da mafi rauninsu zai iya ɗauka. Hoton 4K mai fita sau 60 a daƙiƙa da cikakken launi ya zo ne da HDMI 2.0 a 2013. Ban da wannan akwai makullin hana satar fim, HDCP, wanda finafinan 4K ke buƙatar na 2.2, alhali tsofaffin amfilifayoyi a 1.4 suka tsaya. In gaisuwar ba ta ƙullu ba, ko hoto ya sauko ƙasa ko allo ya yi baƙi.

Sai ka sauya jerin. Na'urar wasa ta shiga talabijin kai tsaye, hoto ya samu hanyarsa ba shamaki. Sauti kuma ya dawo wa amfilifaya daga talabijin, ta ARC in tana da shi, in babu ta optika. Dole ta talabijin za ka bi, don PlayStation 5 ba ta da ramin optika. A saitin sautin PlayStation ɗin ka zaɓi Dolby maimakon PCM, za ka samu layi shida lafiya lau. Ka guji zaɓar DTS sai ka tabbatar talabijin ɗinka yana wucewa da shi, domin wasu kamfanoni sun daina sa shi, Samsung ma tun samfurin 2018.

Batun Atmos kuwa, wato tsarin da ke ƙara sauti daga saman kai, gaskiya zan faɗa maka. Tsarin ya shiga sinima a 2012, ya iso kayan gida a 2014, saboda haka amfilifayar da ta girme shi ba ta san shi ba. Optika ba ta ɗaukar sa, haka ba ta ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio na faifan Blu-ray. Cikakken irin wannan sauti daga talabijin sai ta eARC, wato ingantaccen ARC, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017, kuma shi ma sai ɓangarorin biyu suna da shi. Bayan duk wannan, sai ka rataya sifikoki a sama ko ka sayi masu harba sauti zuwa silin. A ɗaki ciki da falo irin namu na Zango, mai silin na filawud, ni a ganina sifikoki biyar da aka jera daidai sun fi Atmos da aka haɗa rabi da rabi. Ka fara da sa na baya a gefen kujera, ɗan sama da kunne, maimakon tara su duka a kan kabad ɗin talabijin kamar yadda nake gani a gidaje da yawa.

Tambaya: Malam, tun da aka haɗa mana amfilifaya, bakin mai magana da muryarsa ba sa tafiya tare. (Wata uwargida daga Madina, Akra)

Amsa: Hajiya, barka da gida. Talabijin na zamani yana ɗan ɓata lokaci wajen gyara hoto kafin ya nuna, sauti kuwa ya riga ya fita. A saitin amfilifaya akwai Lip Sync ko Audio Delay. A sa labarai, inda fuskar mai karantawa take kusa, a riƙa ƙara lambar kaɗan-kaɗan har baki da murya su haɗu. In kuwa muryar ce ke zuwa a makare, a mayar da lambar sifili a amfilifaya da talabijin duka. Kuma a kashe sifikar cikin talabijin, kada muryoyi biyu su riƙa bin juna.

Tambaya: Ƙanwata ta sako mini amfilifaya a cikin kaya daga Amurka. Fulogin bai shiga soket ɗinmu ba, na sayi adafta. In jona? (Wani direba daga Ashaiman)

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah dakata, kada ka jona. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yi. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu a Gana 230. Adafta siffar fulogi kawai take canzawa, wutar tana nan yadda take. Cajar waya da ta kwamfuta sukan karɓi daga 100 zuwa 240, shi ya sa mutane suka saba jona kayan waje ba fargaba. Amma yawancin amfilifayoyi suna da babbar tiransifoma a ciki da aka naɗa don wuta iri ɗaya tak.

Na taɓa buɗe wata da aka kawo mini a cikin buhu, mai ita ya ɗauko ta daga tashar jirgin ruwa ta Tema a ranar, ya jona da adafta da daddare. Tun kafin in kwance sukurun farko warin ƙonannen naɗi ya cika shagon. Fis ya yi baƙi, tiransifomar ta kumbura, robar jikinta ta narke ta manne da ƙarfen ƙasa. Ƙanensa ya yi watanni yana tara kuɗin wannan kyauta, ba ta yi minti ɗaya a kunne ba. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai in ji ba daɗi.

Ka duba bayanta kusa da inda wayar wuta ta shiga. In ka ga 120V kaɗai, sai ka nemi tiransifoma mai sauke wuta daga 230 zuwa 110 ko 120, akwai su a Zongo Lane da ke Akra. A wannan wurin za ka ga an rubuta wat nawa amfilifayar take ci. Ka sayi tiransifoma da ta ninka wannan lamba, in tana cin 400 ka nemi ta 800 ko 1000, domin lokacin kunnawa tana fizgar wuta fiye da ƙima. Kayan Japan ma a kula, nasu 100 ne. Na Ingila da Jamus kuwa wutarmu ɗaya, ba sa buƙatar tiransifoma. Sannan ka haɗa da na'urar kariya mai jinkirta wuta, irin wadda ake sa wa firji, saboda dumso: in an ɗauke wuta, dawowarta ce ke kashe allon lantarkin HDMI da ke cikin amfilifaya, kuma shi ne ɓangaren da ya fi wuyar samu a kasuwarmu. Ka ɗauki hoton rubutun bayan nata a wayarka ka tafi da shi kasuwa, ka nuna wa mai shagon kafin ya ɗauko maka komai.