Na Sayar da Mota, Tara Kuma Tana Zuwa da Sunana: Wa Zai Biya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na sayar wa wani mutum motata hannu da hannu. Ya biya ni cif, na miƙa masa makulli da takardu, muka rabu a kan zai je ya yi canjin suna. Ba mu rubuta komai ba, sai shaidar turo kuɗi ta banki da saƙonnin da muka yi a waya. Watanni sun wuce bai canza ba. Yanzu takardun tara ne ke ta zuwa mini: gudun wuce kima, tsallake danja, ajiye mota inda aka hana. Na kira shi, ya ce tunda sunana ke jikin takarda, ni hukuma ta sani. Wani lokaci kuma ya ce ƙanensa ne ke tuƙa ta. Akwai kuma tara guda da ni na jawo kafin in sayar, ban faɗa masa ba. Wani abokina ya ce in kai rahoto cewa an sace motar, ko in je da ɗayan makullin da ya rage a hannuna in ɗauko ta har sai ya biya. Malam, a shari'a motar ta wace ce tsakaninmu? Wa zai biya tarar? Ya halatta in bi shawarar abokina?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, motar ta mai saye ce tun lokacin da ciniki ya faɗa. Ka sallama, ya amsa, ya biya, ya karɓi makulli ya tafi da ita. Babu wani sharaɗi na ingancin ciniki da ya rage. Rajistar hukuma shaida ce ta mallaka a gaban hukuma, cinikin da kuka ƙulla shi ne ya mayar da mallakar. A mazhabar Imamu Malik, kaya ayyananne wanda ba na awo ba ne, ba na sikeli ba, ba na ƙidaya ba, yana shiga lamunin mai saye, wato in ya lalace ko ya salwanta asarar tasa ce, da zarar an ƙulla ciniki ingantacce, ban da wasu wurare da aka keɓe, kamar kayan da mai sayarwa ya riƙe yana jiran kuɗinsa. Hanafiyya da Shafi'iyya suna cewa lamuni ba ya komawa kan mai saye sai ya karɓi kayan a hannunsa. A mas'alarka saɓanin bai da tasiri, domin an ƙulla kuma an karɓa. Duk mazhabobin sun haɗu a kan cewa daga ranar amfanin motar nasa ne, asararta ma tasa ce.

Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hukunta cewa amfani yana tare da lamuni. Hadisin yana wajen Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah. Mutumin nan yana hawa motar, yana biyan buƙatunsa da ita, da zai sayar da ita gobe ya ci riba ba zai kawo maka ko kwabo ba. To da wace hujja zai ci amfaninta ya bar maka nauyinta? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sannan tara hukunci ne a kan laifi, laifi kuwa yana kan wanda ya aikata shi. Allah Maɗaukaki ya ce a suratul An'am, aya ta 164, babu wata rai mai ɗaukar nauyi da za ta ɗauki nauyin wata. A Hajjin Bankwana Annabi (SAW) ya sanar da cewa mai laifi ba ya jawo laifinsa a kan kowa sai kansa. Kamarar da ke bakin hanya lambar mota take karantawa, kwamfutar hukuma kuma ta duba sunan da ke maƙale da lambar ta aika masa. Wannan shi ne iyakar abin da hukuma ta gani, kuma ba ta zalunce ka ba, tunda babu wanda ya sanar da ita motar ta canza hannu. Amma shi mai saye ya san gaskiya. Cewar da ya yi "kai hukuma ta sani" fakewa ce da rashin sanin hukuma don a ci dukiyar ɗan'uwa. Annabi (SAW) ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki har aka yanke masa abin da ba nasa ba, ya ce yanki na wuta ne aka yankar masa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Salama. Idan hukuncin alƙali bai halatta wa mutum haƙƙin wani ba, sunan da aka manta a takarda bai isa ya halatta ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ai ita kanta tarar kuɗi malamai sun yi saɓani a kanta. Haka ne. Abin da ya shahara a mazhabobi huɗu shi ne hana ladabtarwa ta hanyar karɓar dukiya, an ruwaito halacci daga Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim kuma suka ƙarfafa halaccin. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da aka yi a Brunei a shekarar 1993, ta zartar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma ya halatta hukuma ta sanya hukunci mai tsawatarwa, har da na kuɗi, a kan masu karya su. Wannan nake gani daidai, domin dokokin nan rayukan mutane suke tsarewa. Kuma ko da mutum yana kan ra'ayin masu hanawa, ra'ayin nasa bai ba shi damar tura wa wani kuɗin ya biya ba.

Batun ƙanensa bai wanke shi a wajenka ba. Asalin tarar tana kan wanda ya tuƙa, gaskiya ne. Amma kai ba ka da alaƙa da ƙanen. Mai saye ne ya ba shi makulli, kuma jinkirinsa na canza suna shi ya sa takardar ta zo ƙofarka. Shi za ka bi, shi kuma ya bi ƙanensa. Haka hukuncin yake da ya sake sayar da motar ga mutum na uku ba tare da ya cire sunanka ba, abin da yake faruwa da yawa, mota ta ratsa hannu uku ko huɗu alhali sunan mutum na farko ne a rajista.

Yanzu ga canjin sunan kansa, kuma nan nake so mu ɗan tsaya. Na ce rajista ba sharaɗin ingancin ciniki ba ce, kada wani ya fahimci cewa abin ganin dama ne. Wajibi ne ta fuskoki da dama. Ya yi maka alkawari a wurin ciniki, Allah kuma ya buɗe suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, Annabi (SAW) ya ce musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ko da bai furta ba, duk mai sayen mota ya san haka ake yi, abin da aka sani a al'adar ciniki kuwa hukuncinsa hukuncin sharaɗin da aka faɗa da baki. Hukuma ta wajabta shi don maslahar jama'a, biyayya gare ta a irin wannan tana cikin umarnin suratun Nisa'i, aya ta 59. Mafi nauyi duka, barinsa cuta ce, kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Tara ita ce mafi sauƙin abin da zai iya samunka. Ka tuna da ranar da motar za ta buge mutum direba ya gudu, ko a ɗauki haramtaccen kaya a cikinta. Ƙofar wanda sunansa ke rajista jami'ai za su fara bugawa. A wasu ƙasashen kuma tarar da ba a biya ba takan hana mutum sabunta takardun wata motarsa, ko a rubuta laifin a lasisinsa. Duk ranar da mai saye ya ƙara yana da ikon zuwa bai je ba, yana ƙarƙashin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa jinkirin mawadaci zalunci ne.

Kai ma akwai abin da ke kanka. Duk abin da canjin ba ya yiwuwa sai da shi daga ɓangarenka, sa hannu ne, katin shaida ne, zuwa ofis ne, wajibi ne ka bayar ba tare da jan ƙafa ba, kuma ba ka da damar neman ƙarin kuɗi a kansa. Kuɗin canjin yana kan wanda kuka yi sharaɗi, in ba ku yi ba sai a koma ga doka da al'adar wurinku.

Rashin rubutu kuwa sakaci ne, ko da bai kai zunubi ba. Allah ya ce a aya ta 282 ta suratul Baƙara ku kafa shaida idan kun yi ciniki. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, domin Annabi (SAW) ya sayi doki a hannun wani balaraben ƙauye ba tare da shaida ba, har mutumin ya yi musu, Khuzaima ɗan Sabit ya tsaya ya yi shaida. Imamu Ɗabari da Zahiriyya suna ganin wajibi ne. Shi kansa Annabi (SAW) ya rubuta wa Adda'u ɗan Khalid takardar ciniki, aka ambaci mai saye da mai sayarwa da abin da aka sayar da kuɓutarsa daga aibi, Tirmizi ya ruwaito. A kaya irin mota, wanda yake iya kashe rai kuma yake ɗauke da sunan mutum duk inda ya shiga, ina ganin barin rubutu ya yi kusa da abin zargi ƙwarai. Takarda guda ta isa: sunayenku, lambar mota da ta inji da ta jikinta, kuɗin gaskiya, rana da ma sa'ar da aka miƙa makulli, shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Sa'ar tana da amfani, domin ita ke raba tarar safe da ta yamma a ranar cinikin.

Tarar da ka jawo kafin sayarwa taka ce, ka biya ta. Ɓoye ta da ka yi kuskure ne, musamman idan tana cikin irin wadda ke tare canjin suna har sai an biya, domin a lokacin ta zama aibi a jikin kaya. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya ce idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana za a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar cinikinsu. Ka fara da wannan kafin ka nemi naka, ka faɗa masa, ka nemi yafiyarsa. In ta tabbata cewa ita ce ta hana shi canjin a wani lokaci, to jinkirin wannan lokacin ba a kansa yake ba, ko da yake laifuffukan tuƙinsa suna nan a wuyansa.

Shawarar abokinka kada ka kusance ta. Rahoton sata ƙarya ce tsagwaronta, kuma ƙazafi ne ga mutumin da ya sayi kaya da kuɗinsa. Za a iya tsare shi a hanya, a wulaƙanta shi gaban iyalinsa, a kulle shi a kan laifin da bai yi ba. Annabi (SAW) ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman manyan zunubai, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Ɗauko motar da makullin da ya rage ma ƙwace ne. Malamai sun tattauna mas'alar wanda ya samu damar ɗaukar haƙƙinsa daga dukiyar wanda ya hana shi, waɗanda suka halatta sun kafa hujja da hadisin Hindu matar Abu Sufyan, wadda Annabi (SAW) ya yi wa izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta, amma sun sa sharaɗin kada ya wuce gwargwadon haƙƙinsa kuma kada abin ya haifar da fitina. Mota guda a madadin kuɗin tara ta wuce gwargwado nesa ba kusa ba, fitinar kuma a fili take, ga hanyar hukuma a buɗe. Shi ma makullin nasa ne, yana cikin abin da ka sayar, ka mayar masa. Haka nan kada ku rubuta takarda yanzu ku sa mata tsohuwar rana kamar tun a lokacin aka rubuta ta. Ku rubuta da ranar yau, ku ambata a ciki cewa an yi cinikin rana kaza.

Abin da za ka yi shi ne ka tattara shaidar banki da saƙonninku, ka sanar da hukumar rajistar motoci a rubuce cewa ka sayar da motar tun rana kaza ga wane. Hukumomi da yawa suna da hanyar da mai sayarwa zai kai wannan sanarwa, da hanyar ƙalubalantar tara cikin wa'adin da aka rubuta a jikin takardar, saboda haka ka duba wa'adin kada ya wuce ka. Ka sanar da kamfanin inshora ma. Sannan ka aika wa mai saye kwafin takardun tarar, ka yanka masa lokaci a gaban mutanen da yake jin nauyinsu. Sulhu ya fi. In ya ƙi, kai ƙara halal ne, kuma hujja tana kanka a matsayin mai da'awa, abin da ke hannunka kuwa hujja ce mai ƙarfi.

Idan hukuma ta matsa maka ka biya kafin a warware, ka biya da niyyar za ka karɓa a wajensa, ka ajiye rasit. Malikiyya da Hanabila suna ganin wanda ya biya wa wani abin da ya wajaba a kansa da niyyar komawa gare shi yana da haƙƙin komawa, balle kai da aka tilasta. Kuɗin ya zama bashi a wuyansa har ya biya ko ka yafe. Sai dai ƙarin da aka ɗora saboda jinkiri, a nan sai an duba wanda ya jawo shi. Takardar da ta zo maka ka ajiye ba ka sanar da shi ba har ta ƙaru, ƙarin naka ne. Wadda ka sanar da shi a kan lokaci ya yi biris, asali da ƙari duk nasa ne. Kuma ba ka da damar ɗora masa ko kwabo a kan abin da ka biya don kawai ya daɗe bai mayar ba, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce.

Allah ne mafi sani.