Jumia, Jiji ko WhatsApp: ina mai hular ƙauye zai kasa kayansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Mahaifiyata da ƙannena mata da matan maƙwabta suna ɗinkin hula ta hannu, ni nake tattarawa in kai wa dillalai a Kano, wani lokaci kuma kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Hular da aka kwashe makonni ana ɗinkawa sai a saye ta a hannunmu da arha, daga baya mu ga irinta a waya da tsada sosai. Ina da babbar waya da asusun OPay. Wasu abokaina sun ce in shiga Jumia, wasu sun ce Jiji, wasu Facebook. Wanne ya fi dacewa da mai ƙaramin jari irina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'ar iyayenmu mata albarka, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tsaya musu. Shawarata ita ce ka fara da WhatsApp Business da Facebook, ka ɗora Jiji a kai tunda saka talla a can kyauta ne, ka ƙyale Jumia da Konga tukuna. Kowace kasuwar intanet aka yi maka tallarta, ka fara bincika hannun wa kuɗin mai saye ke fara shiga, sannan wa zai ɗauki asara idan kaya suka dawo. A nan ne suka sha bamban, kuma a nan ne zamanka a ƙauye yake shiga lissafi.

Jumia da Konga duk a Legas aka kafa su a shekarar 2012, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne. Kai za ka saka kaya, su za su karɓi kuɗi daga mai saye, su kai masa, su cire la'adarsu kamar yadda dillalin kasuwa ke cirewa, sannan su turo maka ragowar bayan an tabbatar kaya sun isa. Amfanin wannan a fili yake: mutumin Fatakwal da bai taɓa jin sunanka ba zai saya, domin da su ya yarda. Amma ka duba abin da ke biyo baya. Idan oda ta shigo, ana ba ka ɗan gajeren lokaci ka kai kayan wurin karɓar kayansu, kuma irin waɗannan wurare a birane suke. Wato saboda hula guda ɗaya sai ka kama hanyar Gezawa zuwa Kano ka dawo. Idan ka makara ko ka soke oda, darajar shagonka a wurinsu ta ragu, har tara kan biyo baya. Mai saye kuma yana da 'yan kwanaki da zai iya mayar da kaya, sannan da yawa sai an kawo musu ƙofar gida suke biya, wanda ke nufin mutum na iya cewa ya fasa bayan hular ta riga ta isa Legas.

Bari mu buga lissafi a matsayin misali kawai. A ce ka sa hula a naira 15,000, a ce la'adar da za a cire kashi 15 cikin ɗari ce, naira 2,250 ta tafi ke nan. Ka haɗa da kuɗin motarka zuwa da dawowa, da kwali, da wanki da guga. Abin da ya rage zai iya gaza abin da dillalin Kano ke miƙa maka hannu da hannu, kuma sai ka jira shi. Yawan la'adar ya danganta da rukunin kaya, kuma sukan sauya shi, don haka duk ranar da ka yi niyyar shiga ka karanta jadawalinsu na ranar.

Akwai wata matsala da ta fi kuɗin mota. An gina waɗannan kasuwanni ne don kayan kamfani, irin wanda hoto ɗaya ke wakiltar ɗari: caja, tukunyar lantarki, takalmi. Hular hannu kuwa kowace da zanenta da kalar zarenta, ko mace ɗaya ce ta ɗinka biyu sai ka ga bambanci. Kowace hula sai ka yi mata hoto a farin bango da bayani da Turanci, da zarar an saye ta kuma aikin ya tashi a banza. Ranar da kuka kai ga fitar da zane ɗaya da yawa, kuma kana da wani amintacce a cikin Kano da zai riƙa miƙa kaya, to a lokacin maganar Jumia ta taso.

Jiji daban take. An fara ta a 2014, a 2019 kuma ta karɓe harkar OLX, wani shafin talla irinta, a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka. Talla kawai take ɗauka. Ba ta riƙe kuɗi, ba ta kai kaya, ba ta cire la'ada a cinikinka. Inda take samu shi ne idan ka biya don a ɗaga tallarka sama. Sai dai ita da kanta tana gargaɗin masu saye kada su biya kafin su ga kaya ido da ido. Gargaɗi ne mai kyau, amma kai yake kayarwa, domin mai sayenka yana Abuja kai kana Ringim. Shi ya sa ta fi yi wa mai sayar da waya ko babur ko ragon layya a cikin gari ɗaya aiki. Ka saka tallarka a can kyauta, musamman da sunan sari, ko Allah zai haɗa ka da mai shago da ke neman huluna goma ko ashirin a lokaci guda. Kada ka biya kuɗin ɗaga talla sai ka ga ana kiranka.

Yanzu ga inda nake so ka zuba ƙarfinka. Masu sayen hular hannu mutanenmu ne, Hausa suke ji, kuma a Facebook da WhatsApp da TikTok suke yini: ma'aikata a Abuja da Kaduna, 'yan kasuwa a Agege da Mile 12, ango da abokansa masu neman anko, har mazauna zango a Kumasi. Facebook ne wurin da baƙo zai fara ganinka, ta shafinka ko ta zaurukan saye da sayarwa. TikTok yana da ƙarfi wajen nuna aiki. Ɗan gajeren bidiyon hannu yana soka allura yana jan zare ya fi dogon bayani gamsar da mutum cewa ba aikin inji ba ne. Amma ka nemi izinin masu ɗinkin tukuna, kuma hannu da hula sun isa, babu buƙatar fuskar kowa ko cikin gida. Yana kuma cin data, ka lissafa ta cikin kuɗin kaya. Instagram masu kuɗin birni sun fi yawa, farashi kan fi kyau, sai dai tara mabiya na ɗaukar lokaci.

Duk wanda ya nuna sha'awa a waɗannan wurare, ka jawo shi WhatsApp Business, can ciniki ke faɗawa. Kyauta ce, tana da kundin kaya inda kowace hula za ta zauna da hotonta da farashinta, ba sai ka riƙa tura hotuna ɗaya bayan ɗaya ba alhali sabis na wahala a ƙauye. Ka sani fa, abin da ka ɗora a status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma wanda kuka ajiye lambar juna ne kaɗai zai gani. Saboda haka duk wanda ya saya, ka roƙe shi ya ajiye lambarka. Mutum hamsin da suka taɓa sayen hularka suka ji daɗi sun fi maka mabiya dubu da ba su san ka ba, musamman idan azumi ya kama ana shirin Sallah.

A wannan hanya babu wani kamfani tsakaninka da mai saye, don haka amana da kai kaya duk a wuyanka suke. Mafi yawan rigimar hula daga awo take tasowa. Kada ka yarda da "kaina matsakaici ne". Ka ce ya samo tef ɗin tela ya zagaya kansa ta saman gira da saman kunne, ya faɗa maka ko inci 22 ne, ko 22 da rabi, ko 23, kai ma ka auna bakin hular ka ɗauki hoton tef ɗin a jikinta, ka faɗi tsayinta. Ka yi hoto a waje cikin inuwa da hantsi, kada ka taɓa kalar da wata manhaja, domin ruwan toka kan koma shuɗi a waya, mutum kuma ya riga ya sayi shaddar da zai haɗa da ita. Ka juya cikinta ka nuna. Idan akwai inda zare ya tsallake, ka faɗa ka rage farashi; addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, kuma wanda aka ɓoye wa ba ya dawowa.

Maganar kuɗi kuwa, kada hula ta bar hannunka sai ka buɗe manhajar OPay ɗinka ka ga kuɗin sun zauna. Hoton rasit da saƙon tes duk ana ƙirƙirarsu. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima ka mayar masa da ragowa, ka duba asusunka kafin ka amsa. Wanda ya nemi ka karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarka, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa ya damfari abokan cinikinka da sunanka; ka kunna matakin tsaro na biyu tun yau. Sunan da ke kan asusunka ya zama shi ne a shafinka, domin mai saye na tsorata idan ya ga suna biyu. Baƙon da ke jin tsoron biya duka, ku yi rabi kafin a tura, rabi idan ta isa. Idan harka ta buɗe, ka yi wa sana'ar rajistar suna a hukumar CAC, ka buɗe asusu da sunan.

Wajen turawa, ka ware rana ɗaya ko biyu a mako ka haɗa oda gaba ɗaya, ta yadda shiga Kano sau ɗaya zai ɗauki nauyin huluna da yawa. Na Abuja da Kaduna akwai motoci a tashar Unguwa Uku, na Legas da kudu akwai manyan motocin New Road a Sabon Gari, wanda kuma yake son rasit da lambar bibiya ka tura masa ta kamfani irin GIG ya biya bambancin. Hular da aka wanke aka sa wa sitaci ba ta son matsi: ka cusa takarda a cikinta, ka sa a leda, sannan a kwali. Ka ɗauki hoton kwalin da lambar motar, ka tura wa mai kaya tare da lambar direba. Tun kafin ya biya ku yi magana a rubuce kan wanda zai biya kuɗin mota, da abin da za a yi idan hular ba ta shiga kansa ba.

Kada ka yanke hulɗa da dillalanka na Kano da Gujungu. Su ne ke ba da kuɗi nan take ranar da ake buƙatar zare ko cefane, ciniki a waya kuwa yakan yi sanyi bayan Sallah. Ka zaɓi mafi kyawun aikin ka kai intanet, sauran su bi tsohuwar hanya. Kuma ka sami littafi ka riƙa rubuta sunan wadda ta ɗinka kowace hula da abin da aka sayar da ita, domin idan farashi ya ƙaru, ƙarin ya isa hannun Inna da sauran matan da suka yi zaman ɗinkin.