Amsa ga mai tambaya kan zagayen haikalan Budda da unguwannin birnin George Town

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka samu gurbin karatu a Jami'ar Kimiyya ta Maleshiya da ke tsibirin Penang, kuma an tallata muku zagayen gari tare da ɗan jagora wanda ya haɗa da haikalan mabiya addinin Budda, kana tambaya ko tafiyar ta cancanci kuɗinta da kuma yadda Musulmi zai kama kansa a irin waɗannan wurare. Na zauna a George Town, babban birnin Penang, na kuma raka baƙi zagayen a lokuta daban-daban. Shawarata ita ce ka je, amma ka zaɓi wanda ake farawa da ƙafa a tsohon gari kafin a hau mota zuwa manyan haikalai, domin wanda bai ga unguwannin ba, ba zai gane dalilin da ya sa gine-ginen suke a inda suke ba.

Turawan Ingila ne suka kafa George Town a shekarar 1786, kuma kasuwancin tashar jiragen ruwa ya janyo Sinawa da Indiyawa da Larabawa da mutanen Aceh ta tsibirin Sumatra da na ƙasar Bama (Myanmar) da Tailan, kowace al'umma ta kafa unguwarta da wurin ibadarta. Wannan gado ne ya sa hukumar UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. A titin da ake kira Jalan Masjid Kapitan Keling za ka tarar da cocin Saint George na 1818, sai haikalin Kuan Yin, wadda Sinawa suke ɗauka allahiyar jinƙai, inda hayaƙin turaren tsinke ba ya yankewa, sai haikalin Sri Mahamariamman na Hindu, sannan masallacin Kapitan Keling wanda fataken Indiya Musulmi suka assasa a 1801, duk cikin tafiyar da ba ta kai kilomita guda ba. Ka roƙi ɗan jagoran ya ƙarasa da ku masallacin Lebuh Aceh na 1808, domin wasu suna tsallake shi, alhali a unguwar ne alhazan yankin suke taruwa a zamanin da ake tafiya Jidda ta jirgin ruwa. A ganina nan ne Bahaushe zai fi jin tarihin ya taɓa shi.

Haikalan Budda kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma ɗan jagora nagari shi ne wanda ya iya nuna maka bambancin. A unguwar Pulau Tikus akwai guda biyu suna fuskantar juna a kan titi ɗaya: Dhammikarama na mutanen Bama wanda aka kafa a 1803, da Wat Chayamangkalaram na mutanen Tailan na 1845, inda mutum-mutumin Budda yake kishingiɗe da tsawon mita 33. Dukansu suna bin mazhabar Theravada. Idan ka zaga bayan mutum-mutumin za ka ga ƙananan gurabe jere da hotunan mutane, a ciki ake ajiye tokar mamata, saboda haka wurin maƙabarta ce a wajen iyalansu, kuma ya kamata a sassauta murya a rage ɗaukar hoto. Kek Lok Si da ke Air Itam na Sinawa ne, mazhabar Mahayana, shi ne mafi girma a ƙasar. An fara gina shi a wajajen 1890, hasumiyarsa da aka kammala a 1930 tana da gindi irin na Sin, tsakiya irin na Tailan, ƙololuwa irin ta Bama, kuma a can sama akwai mutum-mutumin tagulla na Kuan Yin mai kimanin mita 30. Hawan yana da wahala a cikin zafi da gumin garin, don haka safiya ta fi, ko da yake akwai na'urar da ke hawa da mutane idan an biya kuɗi kaɗan.

Game da ladubba, ana cire takalmi a ƙofar zaure, ana rufe kafaɗa da gwiwa, wanda shigarmu ta riga ta wadatar, ba a miƙe ƙafa zuwa ga mutum-mutumi idan an zauna, kuma mace ba ta taɓa sufayensu masu tufa ruwan goro. Babu wanda zai tilasta maka rusunawa ko kunna turare. Idan an miƙo maka, ka yi godiya ka ce kai mai ziyara ne kawai, ban taɓa ganin wanda ya ji haushin hakan ba, domin sun saba da maƙwabtansu Musulmi. Hukuncin shiga ɗin kansa kuwa malaminka ne ya dace ka tambaya, kuma na san 'yan'uwa da suka tsaya a harabar waje suka saurari bayani, ba su rasa komai mai yawa ba.

Abin da ya fi damuna a irin wannan zagaye shi ne kamfanonin da ke cinye rabin yini a shagunan kofi da cakulan da atamfar batik saboda kamashon da suke samu, sannan su ba ka mintoci kaɗan a wuraren da ka biya dominsu. Tun kafin ka biya ka nemi jerin inda za a tsaya da tsawon lokacin kowane, ka kuma duba ko ɗan jagoran yana rataye da katin lasisi na ma'aikatar yawon buɗe ido. Ka faɗa masa tun da safe cewa za ka tsaya sallar Azahar, a daidaita ta da lokacin da kuke kusa da Kapitan Keling. Abincin rana ma ka yi magana da wuri, domin yawancin soye-soyen Sinawa na bakin titi suna ɗauke da kitsen alade, amma gidajen nasi kandar na Indiyawa Musulmi suna nan kewaye da masallacin, shinkafa da miya iri-iri a farashin da ɗalibi zai iya biya.