Zuwa Ga Ɗana Mai Son Kiwon Zuma

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni, kuma ya faranta mini rai ƙwarai. Ka ce ka samu fili a bayan gari kana sha'awar kiwon zuma, don na sha a gida da na kyauta. Ka tambayi dalilin da ya sa mutanenmu suke ɗora amya a kan itace, suke yi mata turare, suke ɗiba da dare, domin wani abokinka ya ce maka duk camfi ne, ka sayi akwati kawai ka huta. Abokin naka ya yi garaje. Kusan duk abin da kakanka yake yi yana da dalilinsa, ko da bai zauna ya bayyana wa kowa ba. Abu guda ne a cikin al'adar nake roƙonka ka bari, zan zo kansa.

Ita amya, da ciyawa ake saƙa ta, doguwa mai kewaye, a shafe ta da ɗanyen kashin shanu, a bar ta ta bushe, a yi mata murfi a bar 'yar ƙofa. Wasu kututture suke rarakewa, wasu tukunya suke kifawa a cikin reshe. Shafen nan yana toshe ƙofofin iska, yana kuma rage zafin rana. Ɗora ta a sama kuwa tsaro ne. A ƙasa akwai gara da kwarkwasa, akwai gobarar daji da rani, akwai dage wanda ba ya jin harbi, ya fasa amya ya cinye zuma da 'ya'yan a dare ɗaya. Ga yara, ga dabbobin kiwo. Sannan su kansu ƙudan, idan suka tashi neman sabon gida, kogon da yake sama suka fi so. Ka duba Suratun Nahli, aya ta 68, inda Allah Ya yi wa ƙudan zuma ilhamar su riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa da abin da mutane suke ginawa. Don haka ko akwatin ka saya, idan ya daɗe a ƙasa ba su shiga ba, ka sa kafinta ya yi maka ƙarami ka rataye a reshe. In sun kama, ka sauko da su da dare ka mayar cikin babban.

Kafin ka rataye komai, akwai abin da ba a tsallakewa: neman izini. A wurinmu ɗorawa da tsamiya da kaɗanyar da take cikin gona tana da mai ita. Za ka je ka yi sallama, ka gaishe shi, ka ce kana so ka ɗora amya a itacensa. Da wuya a hana ka. Ranar ɗiba kuma rabonsa ne na farko da zai fita, tun kafin na gidanka, kuma ba sai ya aiko ba. Haka maƙwabtan gona, ana sanar da su, domin su ne za su yi noma a kusa, su ne kuma za su zama idonka ranar da ba ka nan. A wasu garuruwan har Sarkin Zuma ake naɗawa, shi yake sanin amyar wane ce a wane itace, shi yake sasanta rigima. Wannan ne ya sa a da amya take shekara a daji ba mai gadi, ba wanda ya taɓa ta. Ko da filin naka ne ka saya da kuɗinka, ka bi gidajen da suke kusa ka gaya musu, ka je wurin mai unguwa. Ranar da ƙudan suka harbi yaron wani, wannan gaisuwar ce za ta tsaya maka.

Turaren ma ba tsafi ba ne. Ƙudan zuma da ƙanshi suke gane gida, kuma sun fi amincewa da wurin da 'yan'uwansu suka taɓa zama. Shi ya sa ake turara amya da tsohuwar saƙar zuma da busasshen kashin shanu, wasu su goga ɗoɗɗoya a ciki. Kowane gida da haɗinsa, wasu har ɓoyewa suke yi kamar sirrin magani. A ganina kakin zuma shi ne ginshiƙin, sauran ƙari ne. Ka narkar da kaki mai kyau ka shafa a ƙofa da ciki, ya wadatar. Wanda ya ce maka sai an haɗa da laya ko an yanka wani abu, ka rabu da shi. Lokacin ɗora amya kuma daga ƙarshen damina ne zuwa shigar hunturu, sa'adda suke rarrabuwa suna neman gida. A lokacin gawo yake fitar da fure, daga baya mangwaro da kaɗanya da ɗorawa su biyo. Ka zaga filin naka ka ga irin itatuwan da ke kewaye, domin ƙudan suna tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman abinci, kuma launin zumarka da ɗanɗanonta daga furen nan za su fito.

Game da akwati, iri biyu za ka tarar. Akwai na Langstroth, wani Ba'amurke da ya yi wa ƙirarsa rajista a 1852, mai hawa-hawa da firam na katako a ciki inda ƙudan suke saƙa. Yana ba da zuma da yawa, amma yana da tsada, yana son kafinta mai awo daidai da injin tace zuma. Akwai kuma wanda ake kira na Kenya, dogon akwati mai faɗin sama da tsukakken ƙasa, an jera sanduna a bakinsa, kowace sanda ƙudan su saƙa saƙa ɗaya a jikinta. Shi nake ba ka shawara. Ka tsaya a kan kafinta ya yanka faɗin kowace sanda milimita 32, kar ya ƙara kar ya rage, in ba haka ba za su saƙa a gicciye su manne sandunan, ka rasa amfanin akwatin gaba ɗaya. A tsakiyar kowace sanda ta ƙasa a ja layin kaki, shi za su bi. Ka fara da akwati biyu, domin in ɗaya ya yi rauni ka samu abin gwadawa.

Ka ajiye su a inuwa, nesa da hanya da gidaje, kuma nesa ƙwarai da inda ake ɗaure dabbobi. Akuya ko jakin da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu, ƙudan namu kuma masu zafi ne, suna iya kashe shi. Ni ba na juya ƙofa gabas, domin ta can hadari yake tasowa, iskar hunturu ma ta wannan ɓangaren take bugowa. Ƙafafun teburin da za ka ɗora su a kai ka tsoma su a gwangwanin baƙin mai saboda tururuwa, ka riƙa share ciyawar ƙarƙashi. Da bazara ka ajiye musu ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki don kar su nutse. In ba ka yi ba, rijiyar unguwa da randunan mata za su koma, daga nan ƙorafi yake farawa. Ka kuma roƙi masu feshin wake da auduga su riƙa yi da yamma liƙis, bayan ƙudan sun koma gida, domin maganin feshi yana kashe su tuli. Idan ƙudan sun shiga akwatin, ka danne zumuɗinka. Irin namu ba sa jure takura, yawan buɗewa ko yunwa ko tururuwa sai ka wayi gari sun yi ƙaura sun bar maka akwati fayau.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Ana ɗiba da dare ne saboda duk ƙudan suna gida, ba sa tashi sosai cikin duhu, mutane da dabbobi kuma sun shige. Magabata sukan tuɓe babbar riga kafin su hau, domin ƙudan da ya shiga ninkin tufa ya matse dole ya yi harbi. Ba sa shafa turare ranar, domin ƙanshi mai ƙarfi yana tunzura su. Duk wannan hankali ne. Hayaƙi ma daidai ne: ƙudan da ya yi harbi yana sakin wani wari da yake kiran 'yan'uwansa yaƙi, hayaƙi yana rufe warin, yana kuma sa su duƙufa shan zuma su lafa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa bakin wuta cikin amya, a babbake ƙudan, a kwashe saƙa duka har da ta 'ya'ya, a bar gida kango. Na san an daɗe ana yi, na kuma san tsoro da duhu ne suke jawo shi, amma ɓarna ce. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe halittu huɗu, kuma ƙudan zuma yana cikinsu. Ka duba ta fuskar aiki ma. Uwa ɗaya ce take yin ƙwai a gidan duka, in ta ƙone shi ke nan. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya, wato wadda take fita tara zuma, kamar mako uku ne, ita kuma ma'aikaciyar a lokacin aiki ba ta wuce kamar mako shida a duniya. Saƙar 'ya'yan da aka matse a ƙwarya ita ce rundunar da za ta tara zumar gaba. Ga gobarar da wutar nan take tayarwa a daji da rani. Ƙwararrun cikin tsofaffinmu sun san haka, ta bayan amya suke buɗewa su yanki ta zuma su bar ta gaba inda 'ya'ya suke.

Akwatin Kenya wannan aikin ya sauƙaƙa. Babban ɗiba da bazara ne, wajen Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka. Ka je da almuru, da gwangwanin hayaƙi mai zugazugi, ka cika shi da totuwar masara ko busasshen kashin shanu, hayaƙi mai sanyi ba harshen wuta. Ka sa hular raga da safar hannu, ka cusa ƙafar wando cikin takalmi, kada ka ji kunyar wannan. Ka fara daga ƙarshen da yake nesa da ƙofa, ka ɗaga sanda ɗaya bayan ɗaya a tsaye, kar ka kwantar da ita saƙar ta karye. Wadda ka ga sun rufe ramukanta da farin kaki ita ce ta nuna. Wadda take buɗe ruwa ya yi mata yawa, in ka ɗiba za ta yi tsami ta yi kumfa. Ka share ƙudan da ganye, ka yanke saƙar cikin bokiti mai murfi, ka bar kamar faɗin yatsa a jikin sandar don su ɗora a kai. Da ka iso saƙar da take da 'ya'ya ka tsaya, kuma ka bar musu saƙar zuma biyu ko uku, domin tsakiyar damina lokacin yunwarsu ne. In an harbe ka, ka kankare ƙarin da farce ka busa hayaƙi a wurin. Amma wanda fuskarsa ko maƙogwaronsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti za a kai shi nan take, ba a jira.

A gida kar ka ɗora zuma a wuta, yana ɓata ƙanshinta yana baƙanta ta. Ka farfasa saƙar, ka zuba a ƙyalle mai tsabta a kan bokiti busasshe, ta tsiyaye da kanta cikin ɗaki a rufe. Ka bar ta ta kwanta, ka kwashe kumfar sama, ka ɗura a kwalba. Tukar kuma kar ka zubar. Ka narkar da ita a ruwan zafi ka tace, kakin zai taso ya daskare. Da shi za ka shafa sabon akwati, dukawa ma suna nemansa don goga zare.

Daga ɗiban farko ka fitar da na mai itace ko maƙwabta, da na mahaifiyarka, da na marar lafiyar unguwa, haka muka taras ana yi. Sai dai ka gaya wa mai ɗakinka kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba, ko da tsofaffi sun matsa. Likitoci sun tabbatar akwai ƙwayar cutar da zuma kan ɗauka wadda cikin jariri ba ya iya yaƙarta.

Ka sa a fara aikin akwatin tun yanzu don warin sabon katako ya fita kafin kaka. Kakin shafawa kar ka saya a kasuwa, ana haɗa shi da kyandir, zan aiko maka da nawa. Ka gaishe da iyalinka da yaran.

Baffanka.