Tambaya da Amsa: Zaman Ƙasar Waje, Ina Albashin Yake Tafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na fara aikin jinya a Ingila, albashina fam 30,000 a shekara. Kafin in taho na yi wa 'yan'uwa alkawura da yawa. Yanzu wata ba ya ƙarewa sai aljihu ya bushe, barci ya ƙaurace mini, raina kullum a jagule. Shin kuskure na yi da na zo?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Mu fara da lissafi, don a nan yawancin masu tafiya suke tuntuɓe. Fam 30,000 ɗin da ke takardar ɗaukar aiki, kuɗi ne da ba a cire komai a ciki ba. A tsarin harajin 2025, fam 12,570 na farko ba a taɓa su. Sauran fam 17,430 ana cire musu kashi 20 cikin ɗari na haraji, wato fam 3,486, da kashi 8 na inshorar ƙasa, kusan fam 1,394. Abin da zai rage bai wuce fam 2,100 a wata ba, kuma ba a ma cire na fansho ba. A cikinsa za ka biya haya, da harajin ƙaramar hukuma na gida, da wuta, da gas ɗin ɗumama ɗaki, da kuɗin mota. Wanda ya juya 30,000 zuwa kuɗin ƙasarsu ya yi alkawari a kai, ya raba dukiyar da ba za ta taɓa shiga hannunsa ba.

Dubi haya tukuna. In tana cin fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga asusunka, shawararmu ka koma gidan haɗaka ko unguwar da ba tsakiyar gari ba, bayan ka haɗa da kuɗin zirga-zirga a lissafin. Doka a Ingila ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya (jinginar da ake mayar maka in ka tashi) da ya wuce hayar mako biyar a irin waɗannan gidaje, kuma dole ya sa shi a asusun kariya da hukuma ta amince da shi cikin kwana 30. Ka ɗauki hoton kowane tabo a bango da kafet ranar da ka shiga, don da su ake fakewa a zaftare kuɗin.

Maganar aika wa 'yan'uwa kuɗi gida ta fi nauyi. Ka yanke adadi ɗaya, rana ɗaya a wata, ta hannun mutum ɗaya. Ka buɗe musu lissafin nan baki da baki, har ka nuna takardar albashi in ta kama. Kunya ce ke sa mutum ya ci bashi ya aika, alhali masu roƙon ba su san halin da yake ciki ba. Kafin komai kuma ka fara tara abin da zai riƙe ka wata uku. Bizarka a ɗaure take da wurin aikinka. In aikin ya tsaya, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. A ƙarshen Disamba hasken rana a Landan bai kai awa 8 ba, mai aikin dare kuwa yana iya mako bai ga rana ba. Hukumomin lafiya na can suna ba masu baƙar fata shawarar shan sinadarin bitamin D, maikurogiram 10 kullum, duk shekara. Ka rage karɓar ƙarin awoyi a jere, ka ware yini ɗaya a mako na haɗuwa da mutane ido da ido. In ƙuncin ya wuce mako biyu ba sauƙi, ka ga likitan da ka yi rajista da shi, ka faɗa masa komai.

TAMBAYA: Ina so in yi karatu a Jamus, an ce kyauta ne. Zan iya riƙe kaina da aikin wucin gadi?
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma akwai kuɗin hidimomi da ake biya kowane zango, kuma jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Kafin biza za ki nuna abin ci da kai, galibi yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, ana sakar miki 992 a wata. Aiki an yarda da cikakkun ranaku 140 a shekara. Kada ki dogara da shi a watanni shida na farko, domin wanda ba ya jin Jamusanci aikin da yake samu kaɗan ne. Ki fara koyon harshen tun yanzu, ki nemi ɗakin kwanan ɗalibai ranar da takardar gurbinki ta fito, don layin yana da tsawo. Da kin kama ɗaki kuma, kwana 14 gare ki ki yi rajistar adireshi a ofishin gari.