Amsa: ba masu amfani izinin rubutu a mabuɗin rajista daga cikin manhaja

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce manhajarka ta C# tana ajiye saituna a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE, a kwamfutarka lafiya lau, amma da zarar wanda ba admin ba ya buɗe ta sai a hana shi rubutu, kuma kana so manhajar ta gyara izinin da kanta. Na sha fama da wannan, bari in gaya maka abin da na gani.

Manhajar da aka hana rubutu ba za ta iya ba kanta izini ba. Sauya izinin mabuɗi, wato wurin ajiya a cikin rajista, shi ma izini ne, wanda Windows ke kira WRITE_DAC, kuma rukunin Users, wato masu amfani na yau da kullum, karatu kawai aka ba su a wannan reshen. Tun zuwan UAC a Windows Vista, wato tsarin da ke neman amincewa kafin manhaja ta yi aiki da ikon admin, ko admin ɗin ma sai an ɗaga manhajarsa kafin ta samu cikakken iko. Don haka lokacin girka manhaja ake wannan aikin, sa'ad da mai girkawa ke da ikon admin. A nan za ka ƙirƙiri mabuɗinka, ka karanto izinin da ke kansa da GetAccessControl, ka ƙara RegistryAccessRule ɗinka, sannan ka mayar da SetAccessControl. Ka sa ContainerInherit, in ba haka ba ƙananan mabuɗan da ke ƙasa ba za su gaji komai ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sunan rukuni. Na taɓa rubuta "Users" kai tsaye a cikin lambar, na gwada a kwamfuta uku, komai daidai. Ranar da aka girka ta a kwamfutar da Windows ɗinta na Faransanci ne, girkawar ta tsaya cak da IdentityNotMappedException. Na kwana ina neman kuskuren, ashe a can sunan rukunin Utilisateurs ne. Lambar SID, wato lambar shaidar da Windows ke ba kowane rukuni, ita ce ba ta canzawa: S-1-5-32-545 ita ce Users a kowane harshe. Ka yi amfani da WellKnownSidType.BuiltinUsersSid ka huta.

Sai kuma ruɗanin 32 da 64. Manhaja mai bit 32 a kan Windows mai bit 64 ana karkatar da ita zuwa WOW6432Node, sai ka gyara izini a wani mabuɗi, manhajar kuma tana karanta wani daban. Ka buɗe regedit, manhajar duba rajista, ka duba wuraren biyu da idonka, ko ka fayyace RegistryView tun wajen buɗewa.

Amma ina roƙonka, kada ka ba rukunin Everyone, wato kowa da kowa, cikakken iko don kawai kuskuren ya ɓace. Na ga masu yin haka da yawa kuma abin yana damuna ƙwarai. Idan akwai sabis, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, da ke gudana da ikon SYSTEM yana karanta hanyar wani fayil daga wannan mabuɗin, duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar zai iya canza hanyar, sabis ɗin ya tayar masa da abin da ya ga dama da iko mafi girma. ReadKey da SetValue sun isa a yawancin lokuta, kuma a kan mabuɗinka kaɗai, ba a kan SOFTWARE gaba ɗaya ba.

Kafin duk wannan ma, ka duba ko saitunan na kowa da kowa ne da gaske. In na mutum ɗaya ne, kamar girman taga ko fayil na ƙarshe da ya buɗe, ka mayar da su HKEY_CURRENT_USER, inda kowa ke da ikon rubutu ba tare da an taɓa izini ba. A tawa manhajar da na tace su, biyu kacal suka rage a HKEY_LOCAL_MACHINE, su ma karanta su kawai ake yi. Turo mana jerin saitunan naka mu duba tare.