Tambaya da Amsa: Wane ne Henry Sy?

Tambaya: Malam, don Allah wane ne Henry Sy, attajirin ƙasar Filifin?

Amsa: An haife shi a lardin Fujiyan na ƙasar Sin a 1924, ya isa Manila yana ɗan shekara 12, inda ya riƙa taya mahaifinsa tsaron ɗan ƙaramin kanti wanda yaƙin duniya na biyu ya lalata. Da cinikin takalma ya farfaɗo, har ya buɗe kantin takalma mai suna ShoeMart a 1958, wanda daga baya ya zama SM, babban kamfanin kantuna a ƙasar Filifin. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarfin halinsa na buɗe katafaren rukunin kantunan North EDSA a 1985, alhali tattalin arzikin ƙasar yana tangal-tangal. Gidauniyarsa tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa a jami'a. Ya rasu a Janairun 2019.